Keken ƙarfe na doguwar tafiya: yadda za ka zaɓe shi ka daidaita shi da jikinka

Keken da na fara zuwa Wudil da shi ja ne, siriri, mai lanƙwasasshen kai irin na 'yan tsere. A wajen masu kekunan gwanjo na saye shi, kuma in faɗi gaskiya kyan fentinsa ne kawai ya ja ni. Daga Kano zuwa gadar Wudil kilomita 40 ne da ɗoriya. Zuwa dai lafiya lau, ina ta wuce masu Phoenix ina jin kaina. A dawowa ne ido ya raina fata. Tun kafin in kawo Mariri yatsu biyu na hannuna na hagu suka mutu, wuya ya sandare, gwiwa tana zugi, mazaunai kuwa ba a magana. Kwana uku in zan sallame salla sai na juya da kafaɗa gaba ɗaya.

Na tura keken wajen wani dattijo mai gyara a unguwarmu, na ce, "Baba, a canja mini sirdin nan, katako ne." Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi keken, ya ce, "Malam, sirdi bai yi maka laifi ba. Keken ƙaninka ka hau." Ashe keke ma awo gare shi kamar kaftani, ni kuwa na sa na yaro na tafi Idi.

Bari mu fara da ƙarfen kansa, tunda shi za ka ba da kuɗinka a kai. Kekunan tsere na zamani yawancinsu alminiyam ne ko kabon. Ba na kushe su, amma ga mai son ya wuni a kan hanya irin tamu, tsohon firam, wato gangar jikin keken, na ƙarfe ya fi mini kwanciyar hankali. In ya bugu lanƙwashewa yake yi, yana nuna maka ciwonsa tun kafin ya karye, kuma ana iya miƙe shi ko a liƙe shi. Yawancinsu suna da fili tsakanin taya da fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da wilin gaba, suna da hudojin ɗaura madigadi da kariya. In kana shakkar ko ƙarfe ne, ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya kama bututun, ƙarfe ne.

Sai dai ƙarfe suna ya tara. Ka duba ɗan tambarin da ake mannawa a bututun da ke ƙarƙashin sirdi. In ka ga Reynolds 531, ƙarfen Ingila ne da aka fara yi a 1935, kuma shekaru da dama da shi ake ƙera kekunan manyan gasa. In ka ga Columbus mai hoton kurciya, na Italiya ne. Tange na Japan ne. In an rubuta Cr-Mo ko 4130, shi ma mai kyau ne. Irin waɗannan bututai bakinsu biyu ya fi tsakiyarsu kauri, misali milimita 0.9 a baki, 0.6 a tsakiya, shi ya sa ba su da nauyi. Wanda aka rubuta wa Hi-Ten ƙarfe ne na gama-gari, ya fi nauyi, amma in awonsa ya yi maka daidai ya fi Reynolds ɗin da ya yi maka kaɗan. Cikakken keken ƙarfe mai kyau yakan kai kilo 10 zuwa 12. Raleigh, Peugeot, Bianchi, Miyata, Bridgestone, duk suna faɗowa cikin kayan gwanjo lokaci-lokaci, kuma sau da yawa mai sayarwa ya fi ɗora kuɗi a kan mai walƙiyar fenti, ya bar tsohon zinariya a jingine a bango.

Wannan sirantakar bututun tana da sharaɗi. Kada ka yarda mai waldar ƙofa ya ɗora masa wutar lantarki, take zai huda shi. Waldar gas ta tagulla ake yi wa irinsa, a hankali.

Kafin ka fara ciniki ka durƙusa ka shafa ƙarƙashin bututai biyun nan da suka haɗu da wuyan keken. In yatsanka ya ji tudu ko tattara, ko ka ga fenti ya tsattsage a wurin, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba. Ka dube shi ta gefe: in ƙafafun fok sun koma baya, labarin ɗaya ne. Ka bar shi komai arha. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma wadda ta sa fenti ya yi ƙuraje a ƙasan firam, wajen da feda ke juyawa, daga ciki take cin ƙarfen. In kana da zare, ɗaura shi a inda wilin baya ke shiga ta dama, ka zagayo da shi ta wuyan keken, ka dawo ka ɗaure ta hagu. Tazarar zaren da bututun sirdi ya kamata ta zama ɗaya ta kowane gefe.

Ga kuma abin da ya taɓa cin kuɗina. Ka sa a kwance notin sandar sirdi a gabanka, a murɗa ta, ka ga tana motsi. Haka sandar da ke riƙe da kai. Sandar alminiyam in ta shekara da shekaru cikin bututun ƙarfe babu giris, sai su manne kamar an yi musu walda. Na taɓa sayen wani shuɗin keke da mai shi ya ce mini "ɗan mai kawai za a ɗiga". Mun ɗiga mai, mun ɗiga kananzir, mun yi mako biyu, a ƙarshe da zarto aka yanka ta aka fitar da ita gutsure-gutsure. Keken da sirdinsa ba ya hawa ba ya sauka, ba ka da hanyar daidaita shi.

Wata 'yar matsala da tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot: zaren notinansu da kaurin wasu sassan daban suke da na sauran ƙasashe. Sandar kansu milimita 22.0 ce, ta sauran 22.2. Bambancin kamar ba komai ba, amma ranar da ka tashi neman kayan gyara za ka sha yawo.

Yanzu awo. Ka cire takalmi, ka jingina bayanka da bango, ƙafafu a ɗan ware. Ka sa littafi mai kauri a matsematsinka, ka ja shi sama da ƙarfi kamar yadda sirdi zai danne ka, wani ya auna maka daga ƙasa zuwa saman littafin da tef ɗin tela. Tsawon wando ba ya aiki a nan, kullum yana gazawa. Nawa santimita 83 ne. Lissafin da aka saba yi wa tsofaffin kekunan nan masu miƙaƙƙiyar sanda shi ne a ninka wannan awo da 0.67, abin da ya fito shi ne tsawon bututun sirdi daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa samansa. Nawa ya ba da 55 da rabi. Jan keken nan da ya wahalar da ni 51 ne.

In ka faɗo tsakanin awo biyu, ni shawarata ka ɗauki babban, muddin in ka tsaya a kan sandar sama, wadda ta taso daga wuya zuwa sirdi, da ƙafa biyu a ƙasa akwai ratar yatsa ɗaya ko biyu tsakaninka da ita. 'Yan tsere ƙaramin suke ɗauka don su kwanta su yanki iska, kuma su biyansu ake yi su sha wuya. Babban firam wuyansa ya fi tsawo, don haka kai yana zuwa sama ba tare da dabara ba. Wanda nake hawa yanzu 57 ne.

Da ka kawo keke gida, sirdi za ka fara taɓawa, kuma tsayinsa ne farko. Mu nan mun saba da sirdi a ƙasa, don mutum yana son yana zaune ya dire ƙafa biyu in ɗan sahu ya sha gabansa. A cikin gari da uzuri. A doguwar hanya kuwa wannan zama shi ke cinye gwiwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jingina da bango ka hau, ka sa dunduniyarka a kan feda, ka juya ta baya har ta kai ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da tudun tafin ƙafa na bayan yatsu kan fedar, wanda da shi ake takawa, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Haka ake so.

Mai son lissafi, akwai wanda ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau 3: ka ninka awon ƙafarka da 0.883, ka auna daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi, kana bin bututun. Ni ya ba ni 73.3. A 72.5 na tsaya, don da silifas ko takalmi mai sirantar ƙasa nake hawa, kuma jijiyar bayan cinyata ba ta da saki. Lissafi yana kai ka bakin ƙofa ne, sauran jikinka zai gaya maka. In gaban gwiwa ke ciwo, yawanci sirdi ya yi ƙasa. In bayan gwiwa ne, ko wanda ke bin ka a baya ya ce ƙugunka yana rangaji dama da hagu, ya yi sama. Ka riƙa motsa shi milimita 3 zuwa 5, ba fiye ba. A jikin sandar sirdin akwai layin da aka zana, kada ya fito waje. In sai ya fito sannan tsayin ya ishe ka, maganar Baba ce ta tabbata.

Sirdin ya kwanta daidai, hanci bai kalli sama ba bai kalli ƙasa ba. Ka ɗora masa faffaɗan katako ka duba da abin awon magina, ko da manhajar waya. Mutane da yawa in gaba ya dame su sai su dunƙufar da hancin, daga nan su wuni suna zamewa gaba suna tokarewa da hannu, sai ciwon ya tashi daga ƙasa ya koma kafaɗa.

Sirdi yana kuma matsawa gaba da baya a kan ƙarafunansa biyu. Abin da ake farawa da shi: ka kawo feda gaba, hannunta ya kwanta daidai da ƙasa, ka saki zare mai ɗaure da noti daga gaban gwiwarka, ya sauka kusa da tsakiyar fedar. Ni na fi yarda da wani gwajin. Kana cikin tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, kana takawa da ɗan ƙarfi, ka sassauta riƙon kai kamar za ka saki. In ka ji za ka kifa, nauyinka ya yi gaba, sai ka mayar da sirdi baya kaɗan. Abin zai ba ka mamaki, don mutum yana zaton in hannu na ciwo matsowa kusa da kai ne magani, alhali sau da yawa komawa baya ke sauke wa hannu kaya. Ka tuna in ka mayar da shi baya kamar ka ƙara masa tsayi ne, sai ka ɗan sauke shi. Kuma kada ka yi amfani da sirdi don gyara nisan kai, wannan aikin wani wuri ne.

Game da irin sirdin, kada laushi ya ruɗe ka. Mai soso da yawa daɗinsa na minti 20 ne, bayan nan ƙasusuwan zama sun nutse, soson ya taso yana danne inda bai kamata ba. Ka zauna a kan kwali mai kauri a bisa benci, ka ɗan sunkuya, ka tashi. Za ka ga ramuka biyu. Ka auna tsakaninsu, ka nemi sirdin da bayansa ya fi wannan faɗi da santimita 2 ko 3. Mata galibi sukan buƙaci wanda ya ɗan fi faɗi. Na fata irin Brooks B17 da farko kamar dutse yake, a hankali yake ɗaukar siffar mai shi, amma ba ya son ruwa, da damina sai ka tanadi leda.

To, sai kai, inda mafi yawan wahalar take. A hotunan 'yan tsere za ka ga kai ya yi ƙasa da sirdi sosai. Ka manta da su. Don tafiyar awa 5 ko 6, ka kawo saman kai daidai da tsayin sirdi, ko ƙasa da shi da santimita 1 ko 2. Tsofaffin kekunan ƙarfe sun sauƙaƙa wannan. A saman sandar kai akwai noti guda, yawanci na alanki mai lamba 6. Ka kwance shi zagaye uku ko huɗu, ka ɗora katako ka buga shi ƙasa da guduma sau ɗaya, abin da ya ciza a ciki zai saki. Ka ja sandar sama, ka shafa mata giris, ka daidaita ta da wilin gaba, ka ɗaure. Ita ma tana da layin iyaka, kuma wannan layin ba abin wasa ba ne, don in ta karye kana gangara babu abin riƙewa. In ba ta kai inda kake so ba, akwai masu dogon wuya. Bayan ka ɗaga, ka juya kan dama da hagu ka tabbata wayar birki ba ta ɗame ba.

Nisan kuma, in hannayenka suna kan robar da ta lulluɓe saman hannun birki, gwiwar hannu ta kasance a ɗan lanƙwashe, kafaɗu a sake, kana ganin hanya ba tare da ka ɗaga haɓa ba. In kullum kana samun kanka ka janye hannu zuwa tsakiyar kai, nisan ya yi yawa, ka nemi sanda mai gajeren hannu, misali santimita 8 a maimakon 11. Faɗin kai ya yi kusan faɗin kafaɗunka, yawanci 40 zuwa 44 ga maza. Tsofaffin kekuna da dama suna zuwa da 38, wanda ke matse ƙirji. Ka murɗa kan yadda samansa zai kwanta, ya zarce kan robar birki babu gangara, don tafin hannu ya sami shimfiɗa. Amfanin lanƙwasasshen kai shi ne yana ba ka wurin riƙo uku ko huɗu. Ka riƙa sauyawa kamar yadda mai dogon zama ke gyara ƙafa. Mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi da na yi fama da ita, jijiya ce ke dannuwa a gefen tafin hannu. Da kai ya hau sama, na kuma naɗa masa tsohon tiyub a ƙarƙashin tef, ban sake jin ta ba.

Taya ita ce ta biyu wajen jin daɗi, kuma ita ce mafi arha. Siririyar nan mai milimita 23 da ake bugawa har ta yi kamar ƙarfe, an yi ta ne don kwalta mai santsi. Ka sa mafi faɗin da firam zai ɗauka, 28 ko 32, in ya yarda ma 35, ka bar ratar milimita 4 ko 5 ta kowane gefe saboda laka. A nan sai ka yi hattara da lamba, don ruɗani ne tsantsa. Ka nemi lambobin da aka rubuta kamar 32-622. Ta biyun ita ce girman rim, wato zoben wilin da taya ke zama a kai. 622 shi ne 700C. 630 shi ne inci 27 na tsofaffin kekunan Ingila, Amurka da Japan. 635 kuwa shi ne 28 x 1½ na Raleigh da Phoenix ɗin iyayenmu. Ba ɗaya da ke shiga wurin ɗaya, kuma mai shago zai rantse maka duk 28 ne. In kekenka mai 630 ne kuma tayar tana wuyar samu, ana iya sauya wili zuwa 622, in dai robar birkin da ke kama rim za ta iya sauka milimita 4. In rim ɗin ƙarfe ne mai walƙiya, ka yi niyyar sauya shi da na alminiyam, don in ya jiƙe birki ba ya kama shi.

Iska kuma kada ka bar mai faci ya buga maka da ra'ayinsa. Ni nauyina kilo 72, a taya 32 ina sa kusan 60 a baya, 55 a gaba, a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi. In ta yi yawa kowane tsakuwa sai ka ji shi a haƙori, in ta yi kaɗan bakin rami zai cije tiyub ya yi masa huda biyu kamar saran maciji. In bawul ɗinka siririn nan ne mai ɗan noti a kai, bututun mai faci ba ya kama shi, sai ka yi guzurin famfonka ko ɗan abin da ake ɗaurawa a kai. Kuma in za ka huta, ka ɗaga keken ka shiga da shi inuwa, kada ka gangara da shi cikin ciyawa. Tsidau ba ya barin bashi.

Giyar tsofaffin kekunan tsere tana da tauri: faya-fayan da sarƙa ke hawa masu haƙora 52 da 42 a gaba, babba na baya 23 ko 24. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano za ka lallaɓa, amma ranar da iskar hunturu ta tare ka gaba da gaba, ko ka kai keken Jos, za ka nemi mai 28 a baya. Canjin ba shi da tsada. Ka saba da giya mai sauƙi ƙafa tana juyawa da sauri, kamar sau 80 zuwa 90 a minti, ya fi ka riƙa danna mai nauyi kamar kana kirɓa sakwara. Sarƙa kuwa ban da baƙin mai, yana kama ƙura ya zama kamar yashi. Ɗan mai marar kauri, ka ɗiga, ka goge da tsumma har ta kusa bushewa. In za ka cire feda, ta hagu zarenta a juye yake, masu ƙarfi da yawa sun lalata ta kafin su gane.

Duk gyaran nan kada ka yi su rana ɗaya. Ka taɓa abu guda, ka yi tafiyar kilomita 20 ko 30 sau biyu, sannan ka yanke hukunci. In ka canja uku tare, ciwo ya tafi ko ya zo, ba ka san wanne ya jawo ba. Makonni biyun farko kuma mazaunai za su yi ƙorafi ko da komai daidai ne, wannan na rashin sabo ne, yana wucewa. Wanda ba a yi wa haƙuri shi ne mutuwar jiki a gaba ko a hannu, da ciwon gwiwa mai suka. Ka guji wando mai kaurin ɗinki a tsakiya, ka ɗaure ƙafar wandon ta dama kada sarƙa ta ci ta, ka sa hular kwano, ka fita bayan asuba da ruwa gora biyu da dabino a aljihu.

In ka sami inda jikinka ya yi shiru, ka naɗa ɗan salatif a sandar sirdi da ta kai daidai bakin bututu, ka kuma rubuta awo uku a takarda: tsayin sirdi, nisan hancin sirdi zuwa kai, da bambancin tsayinsu. Nawa 72.5, 51 da 1 ne, suna rubuce a bangon shagon Baba da alli, don yaransa sun taɓa wanke mini keken suka mayar da sirdin inda suka ga dama.